Victor Hess: Masanin da ya hau balan-balan ya samo amsar masu tsoron injin CERN zai haɗiye duniya

A ranar 10 ga Satumban 2008, lokacin da masana a cibiyar bincike ta CERN suka kunna katafaren injin gwara ƙwayoyin zarra da ake kira LHC, mutane da dama a faɗin duniya sun wuni cikin zullumi. An daɗe ana yaɗa cewa injin, wanda aka shimfiɗa cikin wani zobe mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, zai iya haifar da ɗan ƙaramin baƙin rami. Baƙin rami shi ne wurin da nauyi ya dunƙule har ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi. Masu tsoron sun ce ɗan ƙaramin zai zauna a cikin ƙasa yana ci yana girma har ya haɗiye duniya baki ɗaya.

Maganar ba ta tsaya a bakin 'yan shayi ba. A watan Maris na shekarar, wasu mutum biyu sun shigar da ƙara a wata kotun tarayya a Hawaii ta Amurka suna neman a hana kunna injin. Wani farfesan kimiyyar sinadarai a Jamus, Otto Rössler, ya garzaya kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Duka ƙararrakin ba su yi nasara ba. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya kuwa, wata yarinya 'yar shekara 16 ta kashe kanta bayan ta kalli rahotannin talabijin da suka yi ta nanata cewa ƙarshen duniya ya zo. Har yau jita-jitar ba ta mutu ba. Duk lokacin da aka sake kunna injin bayan gyara, kamar a 2022, sai ta sake bayyana a TikTok da WhatsApp cikin sabuwar riga.

Amsar da ta fi ƙarfi da masana suka bayar ta girmi injin da kusan shekara ɗari, kuma tana sauka a kan kowa a kowane lokaci. Masuncin da ya shimfiɗa tafin hannunsa a cikin kwalekwale a tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, a kusan kowace daƙiƙa wata ƙwaya ƙanƙanuwa daga sama tana ratsa hannun ta wuce cikin ruwa, bai ji ba bai gani ba. Ƙwayar burbushi ce ta wani karo da aka yi can ƙololuwar iska, kuma wasu daga cikin irin waɗannan karo sun fi duk abin da injin CERN zai iya yi ƙarfi. Mutumin da ya fara tabbatar da cewa wannan ruwan tartsatsi daga sama yake zuwa shi ne Victor Franz Hess, ɗan ƙasar Ostiriya.

Ɗan mai kula da daji

An haifi Hess ranar 24 ga Yunin 1883 a gidan sarauta na Waldstein a yankin Styria. Ba ɗan sarki ba ne. Mahaifinsa ma'aikacin gandun daji ne na wani basarake. Ya yi karatunsa na sakandare da na jami'a a birnin Graz, kuma niyyarsa ita ce ya tafi Berlin ya ƙware a kan ilimin haske a hannun fitaccen masani Paul Drude. Kafin ya isa, Drude ya kashe kansa a 1906. Dole saurayin ya sauya hanya, ya nufi Biyena, inda ya faɗa hannun malaman da ke nazarin wutar lantarkin da ke cikin iska da kuma sabon abin da duniyar kimiyya ke rububi a kai a lokacin, wato tururin da wasu ma'adanai irin su yuraniyom da radiyom ke fitarwa.

A 1910 aka buɗe cibiyar binciken radiyom a Biyena, Hess ya zama mataimakin shugabanta Stefan Meyer. Cibiyar tana da radiyom mai yawa a ma'aunin wancan zamani, domin mahaƙar Joachimsthal, wadda Marie Curie da mijinta suka samu dutsen da suka tace radiyom daga gare shi, tana cikin daular Ostiriya. Ma'aikatan suna ta'ammali da shi da hannu kusan kamar gishiri. Hess zai biya kuɗin wannan sakaci daga baya.

Akwai wata tambaya da ta addabi masana a lokacin. Suna da wata na'ura mai sauƙi, wadda idan aka cusa mata cajin lantarki wasu siraran zare biyu a cikinta ke nisantar juna. Ko yaya aka rufe ta, ko yaya aka killace ta, a hankali cajin yakan zube, zaren su dawo su haɗu. Wani abu marar ganuwa yana ratsa bangon na'urar yana taɓa iskar da ke ciki. Kusan kowa ya ɗauka tururin duwatsun ƙasa ne, kuma zato ne mai ma'ana, tunda ƙasa na ɗauke da yuraniyom kaɗan-kaɗan a ko'ina. Idan haka ne, duk wanda ya nisanci ƙasa ya kamata ya ga abin yana raguwa har ya ɓace.

Wani limamin Katolika Bajamushe, Theodor Wulf, wanda shi ya kyautata na'urar, ya hau da ita hasumiyar Eiffel a Paris a 1910. A tsayin mita 300 ya ga raguwa, amma ba yadda lissafi ya nuna ba. A Italiya, Domenico Pacini ya nutsar da tasa cikin ruwa ya ga raguwar da ta sa ya yi zargin cewa wani kaso ba daga ƙasa yake ba. Alamu ne, amma ba wanda ya yanke magana.

Sa'o'i shida a cikin kwando

Abin da ya bambanta Hess shi ne tsari. Kafin ya tashi ko'ina, sai da ya yi amfani da radiyom ɗin cibiyarsu ya auna yadda iska ke shanye irin wannan tururi, ya tabbatar cewa wanda ke fitowa daga ƙasa ba zai kai ko'ina ba bayan 'yan ɗaruruwan mitoci. Ya sa aka ƙera masa na'urori masu kaurin bango da za su jure sauyin sanyi da matsin iska, don kada wani ya ce na'urar ce ta rikice. Sannan ya shiga kwandon balan-balan da kansa.

Ya fara a 1911, ya kai kimanin mita 1,000, bai ga wata raguwar kirki ba. A 1912 ya yi tashi bakwai tsakanin Afrilu da Agusta, wasu da rana wasu cikin dare. Na ranar 17 ga Afrilu ya zaɓe shi ne da gangan, domin a ranar aka yi kusufin da ya rufe mafi yawan rana. Idan rana ce tushen abin, ya kamata ya ragu lokacin da wata ya tare ta. Bai ragu ba, kamar yadda bai ragu a tashin dare ba.

Matsalarsa ita ce iskar gas ɗin da ake hura balan-balan da ita a Biyena ba ta da ƙarfin ɗagawa sosai. Don haka ya tafi garin Aussig, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Czech, inda ake samun haidurojin. Da sanyin safiyar 7 ga Agustan 1912 ya tashi tare da matuƙi da wani mai lura da yanayi, da na'urori uku. A mita 1,000 na farko adadin ya ɗan ragu, kamar yadda masu cewa ƙasa ce tushe suka yi hasashe. Daga nan sai ya juya. Yana hawa yana ƙaruwa, yana hawa yana ƙaruwa, har suka kai kimanin mita 5,300, inda sanyi ke ratsa ƙashi kuma numfashi ke wuya. A can na'urorin sun nuna fiye da ninki biyu na abin da ake gani a ƙasa. Bayan sa'o'i shida iska ta kai su Jamus, suka sauka da tsakar rana a wani ƙauye da ba shi da nisa sosai da Berlin.

Hukuncin da ya yanke a rahotonsa na wannan shekara gajere ne: akwai wani tururi mai tsananin ratsa abubuwa da ke shigowa cikin iskar duniya daga sama. Yana da shekara 29 a lokacin. A 1913 da 1914 wani Bajamushe, Werner Kolhörster, ya haura har mita 9,300 ya samu ƙaruwar da ta fi ta Hess nesa ba kusa ba. Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka jingine maganar.

Bayan yaƙi, shahararren masanin Amurka Robert Millikan ya fara da shakkar sakamakon, sannan a 1925 ya yi nasa awon a wasu tabkunan kan duwatsu a California ya gamsu. Shi ya laƙaba wa abin sunan da ya bi shi har yau, wanda a Hausa za a iya cewa tartsatsin samaniya. Jaridun Amurka suka fara kiransa da sunan Millikan, kamar shi ya gano. Hess, wanda ba mai son hayaniya ba ne, sai da ya fito a rubuce ya tunatar da duniya wanda ya shiga kwando a 1912.

Millikan ya kuma yi kuskure a kan ko mene ne abin. Ya ɗauka wani nau'in haske ne. A 1927 wani ɗan Holan, Jacob Clay, ya yi awo a cikin jirgin ruwa tsakanin Turai da tsibirin Java, ya lura adadin yana raguwa idan aka doshi tsakiyar duniya, kuma Arthur Compton ya tabbatar da haka a farkon shekarun 1930. Haske ba ya kauce wa maganaɗisu. Tunda maganaɗisun duniya na karkatar da tartsatsin, to ƙwayoyi ne masu caji, akasarinsu furoton, wato irin ƙwayoyin da injin CERN ke gwarawa. Wannan na nufin mazauna Madarunfa da Katsina da Kano, da suke kusa da inda garkuwar maganaɗisun ta fi ƙarfi, suna samun kaso kaɗan ƙasa da na 'yan'uwansu da ke ci-rani a Beljiyam ko Kanada.

Tururin da ya cancanci tsoro

Tarihin Hess yana da wani ɓangare marar daɗi. Daga 1921 zuwa 1923 ya ɗauki hutu daga Graz ya tafi Amurka ya shugabanci ɗakin bincike na kamfanin United States Radium Corporation a jihar New Jersey. Wannan kamfani ne ya ɗauki 'yan mata aikin shafa fenti mai radiyom a fuskar agogo don ya riƙa haske cikin duhu, kuma aka koya musu su riƙa gyara bakin burushi da leɓɓansu. A shekarun da Hess yake can aka fara samun waɗanda haƙoransu ke zubewa, ƙashin muƙamuƙinsu ke ruɓewa. Biyar daga cikinsu sun kai ƙara, aka sasanta a 1928, da yawa kuma suka mutu da ƙuruciya. A lokacin ana tallata radiyom a matsayin maganin ƙarfin jiki, ana zuba shi a ruwan sha da man goge baki. Abin da ke kashe mutane da gaske, jama'a ba su ji tsoronsa ba, suna ma biyan kuɗi su saya.

Shi kansa Hess bai tsira ba. Ƙunar radiyom ta shekarun Biyena ta ci hannunsa har sai da aka yanke masa babban yatsa. Wani kaso mai yawa na aikinsa na baya ya koma kan yadda za a gano ɗan radiyom kaɗan a jikin mutum da kuma yadda za a kare ma'aikata.

A 1931 ya koma jami'ar Innsbruck, ya kafa tashar awon tartsatsin samaniya a kan dutsen Hafelekar mai tsayin kimanin mita 2,300. A 1936 aka ba shi kyautar Nobel, shekara 24 bayan tashinsa, tare da Carl Anderson, wanda ya gano sabuwar ƙwaya mai suna fozitiron a cikin wannan tartsatsi a 1932. Haɗin ya dace. A wancan zamani sama ce kaɗai injin gwara ƙwayoyi mai ƙarfi da masana ke da shi, kuma kyauta ne. A cikinsa aka gano miyon, ƙwayar nan da ke ratsa hannun masunci, sannan aka gano fayon a 1947. Aibinsa ɗaya ne: ba ya zuwa lokacin da kake so, da ƙarfin da kake so. Don haka aka koma ƙera injuna, aka kafa CERN a 1954. Injin LHC kwaikwayo ne na abin da Hess ya gano, a wurin da za a iya sa masa ido.

Kyautar Nobel ba ta kare shi daga siyasa ba. A Maris ɗin 1938 Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya. Hess Bakatolike ne mai riƙo da addininsa, bai ɓoye ƙin 'yan Nazi ba, kuma matarsa Marie Bertha tana da asalin Yahudawa. Aka kore shi daga kujerarsa a Graz, aka hana shi fansho. Kafin shekarar ta ƙare suka tsere ta Suwizalan zuwa Amurka. Yana da shekara 55, dole ya sake sabon lale a jami'ar Fordham ta New York, inda ya koyar kusan shekara 20. Ya zama ɗan Amurka a 1944.

Bayan an jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, yana cikin na farko da suka fara neman burbushin nukiliya a iskar Amurka, har yana hawa da na'urorinsa can saman benen Empire State. Ya yi adawa da gwajin makaman nukiliya a sararin sama, bisa hujjar cewa ba a san illar ƙaramin tururi na tsawon lokaci ba yadda za a ce ba komai. Duk wanda ya san labarin Arlit da Akokan zai gane wannan damuwa. A ƙarshen 2009 masu awo na ƙungiyar Greenpeace sun samu tururi da ya zarce na al'ada sosai a wasu titunan Akokan, kusa da mahaƙar yuraniyom. Wannan haɗari ne da na'ura ke nunawa a fili, amma bai samu ko kashi ɗaya na surutun da aka yi kan baƙin ramin Jeniba shekara guda kafin nan ba.

Matar Hess ta rasu a 1955, daga baya ya auri matar da ta yi jinyarta. Ya rasu ranar 17 ga Disambar 1964 a Mount Vernon, kusa da New York, yana da shekara 81, bayan fama da cutar karkarwa.

Yadda aikinsa ya shiga shari'ar 2008

Tsoron baƙin rami ba daga iska ya faɗo ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Masana ne da kansu suka fara maganar. Bisa lissafin Einstein yadda aka san shi, ƙarfin LHC bai kai ko kusa da abin da ake buƙata don haifar da baƙin rami ba. Duk karo ɗaya na furoton biyu a cikin injin, ƙarfinsa bai wuce na sauro goma sha 'yan kai suna tashi ba, sai dai an matse shi a wuri ƙanƙani ƙwarai. Amma a ƙarshen shekarun 1990 wasu masana sun kawo ra'ayin cewa wataƙila sarari yana da wasu ɓoyayyun fuskoki bayan tsawo da faɗi da zurfi, kuma idan haka ne injin zai iya samar da ƙananan baƙaƙen ramuka. Su murna suke yi da yiwuwar, domin lissafin Stephen Hawking na 1974 ya nuna irin wannan ɗan rami zai ƙafe nan take. Masu tsoro suka ce ai ba a taɓa ganin wannan ƙafewar da ido ba, idan Hawking ya yi kuskure fa? Tambaya ce mai kyau.

Kwamitin da ya duba lafiyar injin ya fitar da rahotonsa a Yunin 2008, kuma ginshiƙin hujjarsa tartsatsin Hess ne. Shekara biliyan 4.5 ke nan ƙwayoyi daga sama suna dukan duniya, wasunsu da ƙarfin da ya zarce na injin. A ranar 15 ga Oktoban 1991 wata na'ura a jihar Utah ta kama ƙwaya ɗaya tak da ke ɗauke da ƙarfin dutsen da ƙato ya jefa, wadda karonta da iska ya ninka na LHC kusan sau 50. Kwamitin ya ƙiyasta cewa irin gwajin da injin zai yi a duk rayuwarsa an riga an yi shi a kan duniya kimanin sau dubu ɗari, ga ta nan kuma tana juyawa. Rana da ta fi ta girma ta sha fiye da haka.

Masu suka sun samu wata kafa ta gaske. Sun ce ramin da tartsatsin sama ya haifa zai fito da gudu ya ratsa duniya ya wuce, amma na cikin injin, da yake ƙwayoyi biyu ne suka yi gaba da gaba, zai iya fitowa a hankali har nauyin duniya ya riƙe shi. Masana biyu, Steven Giddings da Michelangelo Mangano, suka ɗauki maganar da muhimmanci suka bi ta da lissafi. Akwai gawarwakin taurari masu tsananin cunkushewa, waɗanda cokali ɗaya na jikinsu ya kai nauyin mota ko ma na dutse guda. Irin waɗannan za su tare ko da rami mai gudu ne. Tartsatsin samaniya na dukansu dare da rana, kuma ana ganin wasunsu da suka shekara ɗaruruwan miliyoyi lafiya lau. Da ƙananan ramukan na cin abu yadda ake tsoro, da tuni sun cinye su.

Kwana tara bayan kunna injin ya lalace, amma ba ta hanyar da aka yi hasashe ba. Wani haɗin waya tsakanin manyan maganaɗisu biyu ne ya narke, iskar hiliyom ta tsiyaye, gyara ya ci sama da shekara. Ya dawo aiki a Nuwamban 2009, kuma tun daga lokacin manyan na'urorinsa na ATLAS da CMS suna neman alamar ƙananan baƙaƙen ramuka da gangan, ba su ga ko ɗaya ba.

Sunan Hess kuwa a Afirka ya samu masauki. A tsaunukan Khomas na Namibiya akwai jerin madubin hangen samaniya da ake kira H.E.S.S. don girmama shi, wanda ya fara aiki a 2002 yana bin sawun wuraren da tartsatsin ke fitowa, irin su ragowar taurarin da suka fashe da kewayen manyan baƙaƙen ramuka na gaske. A watan Yulin 2012, watan da CERN ta sanar da gano ƙwayar Higgs, aka buɗe idon madubi na biyar a can, mai faɗin mita 28, saura 'yan kwanaki a cika shekara ɗari da tashin Aussig.